Rike suga a gadon asibiti: abinda na gani a wani asibitin kudi a Kano

Asibitin kudi ne a cikin Kano, ba irin manyan nan ba kuma ba karami ba, suna da dakin mata da na maza da emajensi da lab dinsu na kansu. Sunansa zan bari a cikina, saboda akwai inda zan yaba akwai kuma inda raina ya baci, kuma nas din da suka sha wahala damu bana so aje ana nuna su da baki. Ba zancen fanka ko tsaftar bandaki zanyi ba, wannan tun ranar farko kowa zai gani da idonsa. Maganata akan abu daya ce, yadda suke rike sugan wanda aka ba gado, don shi wannan sai ka kwana a wajen kaga me akeyi karfe biyun dare kafin ka iya cewa komai. In hukuncina kuke so tun yanzu, likitocinsu sun san aikinsu gaskiya kuma zan iya sake kai nawa, amma bazan bar mai suga shi kadai a wajen ba ko na dare daya, kuma bazan je babu na'urar gwaji ta kaina a jaka ba.

Hajiyarmu ta dade da ciwon suga, tana shan metformin da glibenclamide wanda mutane suka fi sani da Daonil. Faso ne a diddige ya koma ciwo, ita bata ma jin zafinsa don suga ya dade da rage mata ji a kafa, kafin a farga kafa ta kumbura ta fara wari ga zazzabi ga kishirwa da yawan fitsari. Muna isa suka soki yatsa na'ura ta nuna 24, wato ya hau sosai. Basu tsaya nan ba, kuma anan na fara jin hankalina ya dan kwanta, suka karbi fitsari suka duba ko akwai sinadarin nan ketone da yake taruwa in jiki ya rasa insulin, suka dibi jini na koda da gishirin jiki musamman potassium, sannan sukayi gwajin HbA1c wanda yake nuna yadda sugan mutum ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Kafin ma ayi shi likitan ya tambaya ko tana da sikila ko karancin jini ko an kara mata jini kwanan nan, yace wadannan suna sa gwajin ya bada lambar da ba ita ba. Mu nan da sikila ke da yawa wannan tambayar ba karama bace, kuma ba ko ina ake yinta ba.

Daga nan yace a ajiye kwayoyin gida gaba daya za a koma allurar insulin. Hajiya ta tubure, tace ita an gaya mata duk wanda aka fara wa allurar nan shikenan har kabari. Wallahi yadda yaron likitan nan ya zauna bakin gado ya lallabata ya burge ni, yace Mama ba hukunci bane, ciwon kafar nan da zazzabin su suke tura suganki sama, kodarki kuma ta dan gaji saboda rashin ruwa a jiki, metformin ba a son shi in koda bata aiki sosai ko jiki na fama da kwayar cuta mai karfi, shi kuma Daonil in kin sha baki ci abinci ba zai iya zubar miki da suga ya dade bai tashi ba, balle ga tsufa. Yace ita allura ana iya karawa ana iya ragewa kullum gwargwadon yadda jiki yake, in kafa ta warke zamu sake duba zancen kwaya. Tace to dan nan Allah ya yi maka albarka, a yi.

Abinda ya fara daure min kai shine lambar da suke nema. A gida mun saba in an gwada da safe aka ga 5 ko 6 sai ace alhamdulillah, to anan sai naga an samu 9 nas ta rubuta ta wuce abinta hankali kwance. Na tare babbar likitar da take zagaye da safe nace Dakta wannan ai bai sauka ba. Tace a gadon asibiti ba 5 ake kora ba, abinda ake so ga yawancin marasa lafiya shine ya zauna kasa da 10, ga masu jin jiki sosai tsakanin 7.8 zuwa 10, kuma in ya tsaya sama da 10 ya ki sauka anan ake sa insulin. Ta ambaci wani bincike, daga baya na nema na karanta da kaina, sunansa NICE-SUGAR, an fitar dashi a 2009, anyi shi akan mutum 6,104 a dakunan kulawa ta musamman a Ostareliya da Niyu Zilan da Kanada. Rabi an matse sugansu tsakanin 4.5 zuwa 6, rabi an barshi kasa da 10 kawai. Cikin kwana 90 wadanda aka matse kashi 27.5 cikin dari suka rasu, daya bangaren kashi 24.9, kuma faduwar suga mai tsanani ta fi yawa nesa ba kusa ba a wajen wadanda aka matse. Su wadancan masu ciwo mai tsanani ne ba irin na dakin da muke ba, amma darasin ya shafi kowa, mara lafiyan da bai cin abinci yadda ya saba in aka ce sai an kai shi 5 to kasa zai zarce. Suga mai hawa a hankali yake barna, yana hana ciwo warkewa yana ba kwayar cuta karfi, mai faduwa kuwa cikin minti kadan zai iya sumar da mutum ko ya taba kwakwalwa.

Wani abu da zan roki duk mai jinya ya rike, lamba iri biyu ce. Asibitin da mmol suke rubutu, na'urori da yawa na gida kuma mg suke nunawa. Da 18 ake rabawa, wato 180 a na'urar gida shine 10 a tasu, 70 kuma shine 3.9 wanda kasa dashi an shiga hadari. Na ga wata mai jinya a gadon gefe ta kira dan uwanta a waya tana kuka wai sugan mamansu ya fadi zuwa 11 alhali a gida 200 suke gani, kusan abu daya ne fa. Nas din basa bayanin wannan sai ka tambaya, ya kamata ace ko a bango sun manna.

Yanzu tsarin allurar kanta. Da farko abinda akeyi shine a gwada, in ya hau a duba wata takarda a bada Actrapid, wato insulin mai saurin aiki, gwargwadon lambar, in bai hau ba a kyale. Sugan Hajiya sai ya rinka lilo, yanzu 18 anjima 8 da daddare 20. Ni a ganina wannan kamar ka zauna ne sai ruwan sama ya shigo daki ka kwashe, ya sake shigowa ka sake kwashewa, baka gyara indararo ba. Da babbar likitar ta duba takardar ta canza tsarin gaba daya, ta sa wani insulin mai suna Lantus sau daya da daddare wanda yake aiki a hankali kusan awa 24, sannan Actrapid kafin kowane abinci, sai dan kari in lambar ta wuce. Wannan tsarin shi masana suka fi yarda dashi ga wanda yake cin abinci, tun wani gwaji da akayi a Amurka a 2007 mai suna RABBIT 2 aka ga ya fi bin lamba kadai rike suga. Bayan canjin ne muka fara ganin 8, 9, 10 a jere, kafar ma ta fara ja da kyau. Anan na basu maki mai yawa. Sai dai na lura wata dattijuwa dake can karshen daki an barta akan tsohon tsarin har muka fita, ban san dalilin likitanta ba, watakila akwai, amma hakan ya nuna min abin ya danganta da wanda ya duba ka ne ba ka'idar asibitin bace.

To ga inda raina ya baci, kuma shine dalilin da yasa na zauna nake wannan rubutun. Asibitin basa bada abinci, daga gida ake kawowa kamar yawancin asibitocinmu. Ita kuma Actrapid ana yinta kamar minti 30 kafin a ci, tana shiga ta fara aiki ko an ci ko ba a ci ba. Nas din suna da lokacin rabon magani nasu, in lokaci yayi su bi gado gado suna yi. Ranar wata laraba da magariba na fita alwala, na dawo an riga an yi mata allurar abincin dare, abinci kuma yana hanya kanina ya makale a cunkoso. Babu wanda ya tambaya ko tuwo ya iso. Bayan isha'i naga Hajiya tana hada gumi hannu na rawa tana kiran sunan yayarta da ta rasu tun da dadewa, na kwala wa nas kira, aka gwada 3.1. Ita nas din da ta zo, Allah ya saka mata, bata rude ba, ta ga Hajiya na iya hadiya ta jika suga cokali uku a ruwa ta bata, ta jira minti 15 ta sake gwadawa, bai kai ba ta kara, sannan ya hau 5 da wani abu, ta sa aka bata biredi kafin abinci ya karaso, ta kira likita aka rage allurar gobe. Ta gaya min da ace ta suma ba a dura mata komai a baki don zai iya wucewa huhu, ta jijiya ake bada ruwan suga. Aikinta yayi kyau, amma tun farko bai kamata a kai nan ba, tambaya daya ce tak, Hajiya abincinki ya zo? Da safe na fada wa shugabar nas din, bata musa ba, ta bada hakuri, daga ranar duk wadda tazo da sirinji sai ta ga kula a bude sannan take yi. Amma mu kadai aka yi wa haka saboda munyi magana, sauran gadajen yadda aka saba aka cigaba.

Dare kuma wani babi ne. Nas daya ko biyu ga daki guda cike, na'urar gwaji daya tal ake yawo da ita har dakin maza. Wanda yake ci ana gwada shi kafin kowane abinci da lokacin kwanciya, wanda baya ci duk awa hudu zuwa shida, haka ka'idar take kuma da rana suna kokari. Da daddare sai lokaci ya zame. Akwai daren da tsinken gwajin ya kare famasi kuma a rufe, aka ce sai da safe, ga mutum an yi masa insulin. Washegari na sayo na'urar gwaji Accu-Chek da tsinkenta na ajiye karkashin filo, ina gwadawa ina rubutawa a littafi da lokaci da abinda ta ci, kuma likitocin basu ji haushi ba, babbar ma littafin nawa take fara karba in tazo. Wata nas ta koya min a wanke hannu da sabulu a bushe kafin a soka, don in ta taba lemo ko dabino lambar zata fito sama da gaskiya, kuma gefen yatsa ake soka ba tsakiya ba ya fi saukin zafi.

Ranar da za a shiga da ita tiyata a kankare mataccen naman kafar sun yi abinda ya dace. An ce kar ta ci komai tun dare, sai suka tsayar da allurar abinci, ta daren kuma suka rage basu cire ba, suka sa ta farko a layi da safe don kar ta dade da yunwa. Na ga an daura ruwa mai suga a ciki na tsorata nace Sista mai suga ce fa, tace ta sani, da insulin ake hada shi kuma ana gwadawa akai akai, wanda baya ci sai an bashi abinda jiki zai kona. Wannan bangaren ban ga kuskure ko daya ba.

Sai yan dubiya. Allah ya saka wa kowa da alheri zumunci ne, amma ledar da ake shigowa da ita Maltina ce da Lucozade da dabino da zuma da fura da kunun gyada mai zaki, kowa kuma sai yace Hajiya daure ki sha kiji karfi. Wata gwaggonmu har da jarkar jike-jike wai yana kashe suga daga tushe. Matsalar ba ma ko yana aiki ko baya yi bane, mutum yana kan insulin da aka auna, ga koda da ake lallabawa, ka kara masa abinda ba wanda ya san karfinsa. Asibitin basu da wani tsari akan wannan, mai gadi baya duba leda nas basa magana, ni na zama mai fada da dangi. Mai bada shawarar abinci sau daya ta leko duk zamanmu, amma abinda ta fada ya amfane mu. Tace tuwon alkama da mutane suka dauka magani ne shima yana daga suga, haka acha, haka zuma, abinda za a duba girman malmala ne, a rage tuwo a yawaita miyar ganye da kubewa da kuka da zogale, a sa wake da kwai da kifi don ciwo yana bukatarsu kafin ya hade, kuma a rinka cin kusan adadi daya a lokaci daya kullum don da haka aka auna allurar. Kunu ma bata hana ba tace karamin kofi babu suga kuma a gaya wa nas an sha. Mace irin wannan kullum ya kamata ace tana zagaya dakin.

Na kuma ga suna lura da sauran magunguna, wata mai asma da aka sa wa prednisolone suganta yana tashi da yamma, naji likita na gaya wa yarta maganin ne yake jawo haka kuma in an rage shi dole a rage insulin tare. Wannan ma alama ce ta wanda ya san abinda yake yi.

Kudi kuwa, gado da kudin likita ban ga sun wuce na sauran asibitocin kudi ba. Inda yake taruwa shine gwajin yatsa, kowace suka da kudinta, a yini sau hudu ko fiye, in ka lissafa ya fi ka sayi gwangwanin tsinke naka. Basu hana mu amfani da namu ba amma kuma basu gaya mana ana iyawa ba. Takardar kudin ma jimla aka kawo sai da na nemi a rarraba min.

Sallama ita ma tana cikin abinda basu kyauta ba. Likita ya rubuta, akawu ya kawo takarda, aka ce Allah ya kara sauki, mutum zai koma gida da allurar da bai taba yi ba. Ni na tsaya nace Sista bazan fita ba sai kin koya min. Ta zauna kuwa ta nuna min yadda ake zuka, da inda ake yi a ciki da cinya, da canza waje kullum don kar fata ta yi kulli. Ita ce ta ja min kunne akan sirinji, akwai mai U-100 akwai mai U-40, wato lambar karfin insulin da aka yi sirinjin dominsa, kuma duka ana samu a kemis, in ka zuki insulin U-100 da sirinjin U-40 ka bada ninki biyu da rabi na abinda aka rubuta, wato ka nufi 10 ka bada 25. A duba jikin kwalba a duba jikin sirinji lambar ta zama daya. Wannan maganar da ban tsaya ba da bazan ji ta ba, kuma ina tunanin mutum nawa suka fita daga dakin nan basu ji ba. Babu wata takarda da aka bamu mai nuna alamun faduwar suga ko lambar da za a kira da daddare, a littafina na rubuta abinda ta fada.

Ajiya ma ita ta yi min bayani, kwalbar da ba a bude ba a firij amma ba bangaren kankara ba, in ta daskare ta lalace, wadda aka bude kuma yawanci kamar sati hudu take yi, a duba takardar cikin kwali, kuma ba a son zafi ya wuce 30. To Kano a watan Afrilu zafi na wuce 40 ga wuta sai a hankali. Abinda muke yi in an dauke wuta shine dabarar tukunya cikin tukunya da jikakken yashi a tsakani, irin wadda Mohammed Bah Abba ya yada a Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000, shi don kayan miya ya yi amma sanyin yana taimakawa, muna sa kwalbar a leda a daure don kar ruwa ya taba ta.

Sun bamu ranar dawowa cikin sati biyu, kuma kar wanda ya yi wasa da wannan ranar, don ciwo na warkewa bukatar insulin tana raguwa, adadin da ya dace a gadon asibiti zai iya yin yawa a gida. Haka kuwa akayi, mun fara ganin 4 da wani abu da asuba, muka koma da littafin kafin ranar, likitar ta rage ta daren ta sake gwada koda ta ga ta dawo daidai ta mayar da metformin. Daonil dai tace a barshi. Wankin kafar muna zuwa can har yanzu, kuma duk zuwa sai sun cire takalmin daya kafar ma sun duba tsakanin yatsu.